Tarken 'Yan Kallo: Nazarin Ra'ayoyin Masu Kallon Wasannin Kwaikwayon Talabijin Masu Dogon Zango a Fadikpe, Minna

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna mai da hankali a kan jigo da zubi da tsari da salon wasan kwaikwayo, amma ba kasafai suke waiwayar mutumin da aka shirya wasan dominsa ba, wato ɗan kallo. Alhali kuwa shi ɗan kallo ba ya tashi daga gaban akwatin talabijin baki alaikum. Yakan yaba, yakan kushe, yakan yanke wa 'yan wasa hukunci, har ma yakan tsara wa marubuci yadda ya kamata labari ya ƙare. Wannan ma wani nau'i ne na tarke, ko da yake tarke ne na baka, wanda ba a koyar da shi a aji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da ma'aunan da 'yan kallo suke amfani da su wajen auna wasannin kwaikwayon Hausa masu dogon zango, sannan ta auna su ma'aunan kansu, don a ga inda suka yi daidai da inda suka kauce. An zaɓi unguwar Fadikpe ta garin Minna ta zama madubi, saboda dalilan da za a bayyana nan gaba. Abin da ake nufi da wasa mai dogon zango shi ne wasan da ake nunawa kashi-kashi, galibi mako-mako, labari ɗaya yana ci gaba da taurari iri ɗaya har tsawon watanni ko shekaru.

2.0 Waiwaye

Kafin a shiga cikin batun, ya kyautu a tuna cewa ɗan kallo a al'adar Bahaushe bai taɓa zama kurma ba. Mai tatsuniya ba ya farawa sai an amsa masa. Masu tashe a watan azumi suna shiga gida ne su yi wasa a tsakiyar waɗanda za su yi musu dariya, su tanka musu, su ba su sadaka ko su hana. A wasan gauta kuwa, wanda ake kwaikwaya yana zaune yana kallon kansa. Ke nan sa bakin mai kallo cikin wasa gado ne, talabijin ya tarar da shi.

An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka kuma haɗa gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. Daga wannan zamani ne aka sami wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Abdullahi Shu'aibu daga Jos, da Idon Matambayi daga Sakkwato. Yawancin waɗannan wasanni kowane kashi yana cin gashin kansa ne: a ƙulla rikici a warware shi a zama ɗaya, mako mai zuwa a ɗauko wani. Labari mai ci gaba an fi saninsa a wasannin Ingilishi na NTA, kamar Cock Crow at Dawn da aka fara a Jos a 1980, wanda Ƙasimu Yero da Sadiƙ Daba suka fito a cikinsa.

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo suka janye hankalin jama'a har na tsawon shekara ashirin da 'yan kai. Da kasuwar faifai ta mutu, sai aka sake komowa ga dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya ta kawo Kwana Casa'in da Gidan Badamasi a 2019. A 2020 aka fara Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya yi suna ta hanyar YouTube. Waɗannan su ne wasannin da maƙalar za ta fi kafa hujja da su.

3.0 Fadikpe da 'Yan Kallonta

Minna gari ne na Gwarawa tun asali. Hanyar jirgin ƙasa ta farkon ƙarni na ashirin ce ta tara masa baƙi, sannan zamansa babban birnin Jihar Neja a 1976 ya ƙaro masa ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai. Fadikpe ɗaya ce daga cikin unguwanninsa, kamar Kpakungu da Bosso da Tunga da Maitumbi. Sunan unguwar ma ya isa shaida cewa ba Bahaushe ne ya raɗa shi ba, domin sautin da ake rubutawa da 'kp' babu shi a Hausa, amma akwai shi a Gwaranci da Nufanci. A irin wannan unguwa ana samun Bagware da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, suna haya a gida ɗaya, kuma sau da yawa Hausa ce ke haɗa su a bakin famfo da kasuwa.

Muhimmancin wannan ga nazari shi ne, marubutan wasannin nan galibi suna zaune a Kano ne, kuma ɗan kallon da ke cikin zuciyarsu lokacin rubutu Bakano ne ko makamancinsa. Ɗan kallon Fadikpe kuwa yana iya zama wanda Hausa harshensa na biyu ce ko na uku, ko kuwa Bahaushen da aiki ya raba shi da gida, wanda yake kallon wasan don ya ji ƙanshin garinsu. Mutum biyun nan suna zaune a benci ɗaya, amma abin da kowannensu yake nema a wasan ya bambanta.

Haka kuma yanayin kallon yana da tasiri. Duk da cewa madatsun ruwa na Kainji da Shiroro suna cikin jihar, wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Saboda haka wasu suna kallo a talabijin lokacin da aka nuna, wasu sai washegari a wayar hannu, bayan sun je wurin masu tura finafinai. Wannan ya sa hirar kashi ɗaya takan ɗauki kwanaki tana zagayawa tsakanin teburin mai shayi da shagon tela da wurin kitso da ofis. A cikin wannan zagaye ne ra'ayi yake nuna, har ya zama hukunci.

4.0 Ma'aunan 'Yan Kallo

Idan aka tattara irin maganganun da ake yi a kan wasannin nan, za a iya kasa su gida huɗu: waɗanda suka shafi ɗan wasa, da na zaren labari, da na harshe da ƙabila, da kuma na tarbiyya.

4.1 Ɗan Wasa da Rigar da Ya Sanya

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne yadda sunan wasa yake cinye sunan yanka. Mutane da yawa ba su san Usman Baba Pategi ba sai an ce Samanja, har ya rasu a 2023 da wannan suna ake kiransa. Haka Ɗan'azumi Baba ya koma Kamaye, Rabi'u Rikadawa ya koma Baba Ɗan Audu, Lawan Ahmad ya koma Umar Hashim. A wurin ɗan kallo wannan lambar yabo ce: ɗan wasa ya shiga rigar har ta zauna masa.

Illar wannan ma'auni ita ce, idan riga ta manne wa jiki, sai a riƙa hukunta mutum da laifin rigarsa. Matar da ta fito a matsayin Adama a Daɗin Kowa, mai kwaɗayi da ɗaga wa miji hankali, tana shan tsinuwar da marubuci ne ya jawo mata. A nan tarken 'yan kallo ya juya al'amari a baibai, domin tsananin haushin da ake ji shi ne babbar shaidar ƙwarewar mai wasan. Wanda ya fito a mutumin kirki, ko da wasansa lami ne, yakan sami yabon da ya fi na mugun da ya yi gumi a kan aikinsa. Wato ana auna halin tauraro ne a maimakon gwanintar ɗan wasa, kuma abubuwa biyu ne mabambanta.

Sai dai akwai wurin da wannan ma'auni yake da gaskiya, wato wajen sauya ɗan wasa. A 2022 Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Surutun da ya biyo baya ba son zuciya ba ne kawai. A wasan dandamali ko fim mai zango ɗaya, tauraro yana rayuwa ne a cikin rubutu, kowa na iya ɗaukarsa. A dogon zango kuwa, mai kallo ya shafe watanni yana koyon Sumayya ta hanyar murya da kallo da yanayin shirun mace ɗaya. Duk abin da ya sani game da ita a wannan fuska ya ajiye shi. Idan an sauya fuskar, dole ya sake koyo daga farko, ko da kuwa sabuwar ta kai ta farko iyawa. Ƙorafin nan ya nuna cewa 'yan kallo sun fahimci wata ƙa'ida ta wannan nau'in wasa wadda masu shiryawa kan yi sakaci da ita lokacin ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa.

4.2 Zaren Labari

Ƙorafin da ya fi kowane yawa shi ne jan labari. Akan ce an cika kashi da gaisuwa da tafiya a mota da maimaita abin da aka riga aka gani, sai a minti na ƙarshe a jefo abin da zai sa a dawo mako mai zuwa. A wannan fage kunnen ɗan kallo ya fi na matarki kaifi, domin shi ne yake biyan kuɗin turi ko na intanet, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya kamata a bambance jinkiri iri biyu. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku yana jan Musa da labarai dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Jinkirin nan yana cikin ƙashin bayan labarin: idan aka cire shi, labarin ya rushe. Akwai kuma jinkirin da ba ya yi wa labari aikin komai sai ƙara yawan kashi. Kwana Casa'in ya fara da irin na farko, domin sunansa ma wa'adi ne: kwanaki suna ƙarewa, zaɓe yana matsowa a jihar Alfawa, Bawa Maikada yana fafutukar riƙe kujera, Malam Adamu yana tasowa. Wa'adin nan shi ne ya ɗaure zaren tamau. Duk wasan da aka gina a kan wa'adi kuwa, da zarar wa'adin ya cika aka ci gaba, sai marubuci ya nemo sabuwar igiya, in ba haka ba zare ya saki. Masu Labarina sun bi wata hanyar, suka rufe labarin Sumayya suka buɗe na Mainasara da sababbin taurari a ƙarƙashin tsohon suna. Dabara ce mai kyau, domin ta amince cewa kowane labari yana da iyakar numfashinsa.

Inda ma'aunin 'yan kallo yake rauni shi ne wajen ƙarshen labari. Mafi yawa suna so a aurar da masoya, a tona asirin mugu, a azurta mai haƙuri, kuma a yi haka ba tare da an kashe wanda suke ƙauna ba. Buƙata ce da ta samo tushe daga tatsuniya, inda 'yar bora take auren ɗan sarki. Amma kuma su ɗin ne suke kukan cewa tun daga kashi na uku sun san yadda za a ƙare. Ba zai yiwu a biya buƙatun nan biyu a lokaci ɗaya ba.

4.3 Harshe da Ƙabila

A nan ne zaman Fadikpe madubi yake da amfani ƙwarai. Bahaushen da ke zaune a Minna yakan yaba wa wasa idan ya ji karin magana da habaici da Hausar da ba a gauraya ba, yakan kuma yi tir da ingausar da 'ya'yan masu kuɗi suke yi a wasanni. Maƙwabcinsa Banufe ko Bagware kuwa ingausar ba ta dame shi ba, ita ce ma take sauƙaƙa masa. Abin da yake lura da shi daban ne: yaya ake nuna wanda ba Bahaushe ba?

Tarihin wasan Hausa a wannan fanni yana da fuska biyu. Samanja, wanda Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, ya yi amfani da Hausar bariki, amma mai wannan Hausa shi ne shugaba a wasan, shi ke ba da umarni, shi ke da gaskiya a ƙarshe. Ana dariya tare da shi. A finafinan barkwanci na zamanin Rabilu Musa Ibro kuwa, an sami taurari irin su Ɗan Gwari, waɗanda karyewar harshensu ita ce abin dariyar. Masu kare wannan salo sukan ce wasan barkwanci ne irin na tsakanin ƙabilu, wanda al'ada ta yarda da shi. Amma sharaɗin wasan barkwanci shi ne a yi ramuwa: Bakatsine ya tsokani Bagobiri, Bagobiri ya rama. A allon talabijin ɓangare ɗaya ne yake riƙe da alƙalami. Kalmar 'gwaranci' kanta, wadda Bahaushe yake amfani da ita ga duk maganar da ba ta fita sosai ba, tana da wani nauyi na daban idan aka furta ta a ɗakin da mai gidan hayar Bagware ne, a kan ƙasar kakanninsa.

Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari a nan. An gina shi a kan gari mai tara jama'a, da malamin tsangaya irin Malam Nata'ala, da 'yan gudun hijira, da Kiristoci irin su Stephanie, waɗanda aka ba su matsalolin rayuwa irin na kowa. Ba abin mamaki ba ne da ya sami lambar yabo ta Africa Magic a 2016. Garin da aka ƙaga a wasan ya fi kama da Fadikpe a kan yadda ya yi kama da cikin birnin Kano. Amma mafi yawan wasannin da suka biyo baya sun koma cikin falon attajirai, inda wanda ba Bahaushe ba bai cika leƙowa ba sai a matsayin mai gadi ko ɗan sanda. Wannan asara ce ga harshen kansa, domin miliyoyin masu jin Hausa a yau ba Hausawa ba ne, kuma adabin da bai ga masu magana da harshensa ba ya rage wa kansa fili.

4.4 Tarbiyya

Ma'auni na huɗu shi ne tambayar da ake yi wa kowane wasa: me yake koyarwa? Tsohuwar tambaya ce, kuma wasannin Shu'aibu Maƙarfi irin su Jatau na Kyallu da Zamanin Nan Namu a kanta aka gina su. Farin jinin Izzar So ya ta'allaƙa ne ƙwarai a kan Umar Hashim, talaka mai ilimin addini da gaskiya, wanda yake karya girman kan masu dukiya. Iyaye sukan ce wasa ne da za a kalla tare da yara.

Ba a musun cewa wasan da yake shiga tsakar gida kowane mako yana da hakkin kiyaye mutuncin gidan. Matsalar ita ce yadda ake gane darasi. Da yawa suna ɗaukar cewa nuna mugun hali daidai yake da koyar da shi, kuma wasa bai faɗakar ba sai tauraro ya tsaya ya yi wa'azi da baki. Da wannan ma'auni, Baba Ɗan Audu ɓata tarbiyya ne, alhali kuwa mai kallon da ya ga yadda kwaɗayi yake wulaƙanta dattijo ya ɗauki darasin da ya fi na huɗuba zama a zuciya. Tauraron da ba ya kuskure kuwa yana burgewa, amma ba ya koya wa mai kuskure yadda ake tashi bayan an faɗi.

5.0 Tasirin Ra'ayi a Kan Marubuci

A zamanin Samanja, gwamnati ce take ɗaukar nauyin wasa, ra'ayin mai kallo kuwa sai ta wasiƙa yake isa gidan talabijin. A yau kuɗin shiga ya dogara ne a kan talla da yawan waɗanda suka kalla a YouTube, kuma sau da yawa ana rubuta zango na gaba ne bayan an ji abin da jama'a suka ce a kan na baya. Ta haka ɗan kallo ya zama abokin rubutu wanda ba a sa sunansa. Tauraron da aka so akan ƙara masa fitowa ko da labari ba ya bukatarsa, wanda aka ƙi kuma akan yi gaggawar kawar da shi.

A ɗaya gefen kuma akwai hukuma. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su a tace kafin a saki. Abin lura shi ne, hukuncin da aka yanke a Kano yana shafar mai kallo a Fadikpe, wanda yake wata jiha dabam, kuma ba a tambaye shi ba. Marubuci ke nan yana tsakanin kasuwa da hukuma, kowacce tana ja. Wanda ba shi da tsayayyen tsarin labari tun daga farko har ƙarshe, iska ce za ta riƙa kaɗa shi.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ra'ayoyin 'yan kallo suna da ma'aunai sanannu, waɗanda suka samo asali daga tatsuniya da tashe da wasannin faɗakarwa na farko. Ma'aunan nan suna da ƙarfi wajen gano jan labari maras dalili, da illar sauya ɗan wasa, da kuma yadda ake nuna maƙwabtan Bahaushe. Suna da rauni wajen raba ɗan wasa da rawar da ya taka, da wajen bambance nuna mugunta da koyar da ita.

Saboda haka akwai aiki a kan ɓangarori uku. Marubuta su saurari mai kallo a kan abin da ya fi su sani, wato gajiyarsa da harshensa da mutuncin ƙabilarsa, amma su riƙe ragamar ƙarshen labari a hannunsu. Masu shiryawa su tuna cewa kasuwarsu ta wuce ganuwar Kano, ta kai Minna da Jos da Maraɗi da zangon Kumasi. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi kuwa, ya kamata su tura ɗalibai su tattara wannan tarke na baka daga unguwanni irin su Fadikpe, su adana shi kamar yadda aka adana karin magana da waƙoƙin baka, domin wanda zai rubuta tarihin wasan kwaikwayon Hausa na wannan zamani zai bukaci sanin abin da aka nuna, da kuma abin da mutane suka ce bayan sun gani.